Jarumi Ɗaya, Mutum Miliyan: Yadda Wasannin Intanet Ke Isar da Labari

Ta yaya marubuci zai ba mutum miliyan labari ɗaya, kowa a lokacin da ya ga dama, ya kuma sa kowannensu ya ji cewa shi ne jarumin da labarin ya rataya a wuyansa? Wannan tambaya ce ke ƙarƙashin gardamar da ta daɗe tsakanin masu buga manyan wasannin intanet, inda wasu ke ganin labarin da ake sakawa cikin wasa ɓata lokaci ne, wasu kuma ke cewa ba don labarin ba da tuni sun ajiye. Gardamar ta ɗauki sabon salo tun 2024, lokacin da kamfanin Ubisoft ya rufe wasan tseren mota na The Crew, abin da ya haifar da gangamin da zuwa watan Yulin 2025 ya tara sa hannun mutum sama da miliyan ɗaya a ƙasashen Tarayyar Turai, ana neman a hana kamfanoni kashe wasan da mutane suka saya da kuɗinsu. Wanda ke kallo daga waje yakan ɗauka ko dai waɗannan wasanni ba su da wani labari sai sara da harbi, ko kuma fim ne kawai da aka yanyanka aka cusa tsakanin faɗa da faɗa. Duka fahimtar biyu sun kauce wa ainihin abin.

## Waɗanne wasanni ake nufi

Ana maganar wasannin da mutum ke ƙirƙirar wani jarumi, ya raɗa masa suna, ya zaɓa masa sana'a ko baiwa, sannan ya shiga rigarsa ya rayu cikin wata ƙagaggiyar duniya, yana ƙara ƙarfi mataki bayan mataki. Su ake taƙaitawa da RPG. Idan kuma duniyar tana zaune ne a kan babbar kwamfutar kamfani, wato saba, dubban mutane na shiga cikinta a tare kuma tana ci gaba da gudana ko kana nan ko ba ka nan, sai a kira shi MMORPG. Tushensu yana komawa ga wasan tebur na Dungeons & Dragons da ya fito a Amurka a 1974, inda mutum ɗaya ke bayar da labari da baki sauran kuma su faɗi abin da jarumansu za su yi. A 1978 Roy Trubshaw ya fara rubuta wasan MUD a Jami'ar Essex da ke Ingila, Richard Bartle ya ci gaba da shi, kuma rubutu ne zalla babu hoto. Daga nan aka zo kan Ultima Online a 1997, EverQuest a 1999, sai World of Warcraft na kamfanin Blizzard a 2004, wanda a 2010 ya kai masu biyan kuɗin wata miliyan 12.

## Dodon da ba ya mutuwa

Labari ba ya zama labari sai wani abu ya canza. Sarki ya mutu, birni ya faɗi, maci amana ya tonu, kuma abin da ya faru ya faru ke nan. Ita kuwa duniyar da dubban mutane ke tarayya a cikinta tana buƙatar akasin haka, domin wanda ya sayi wasan yau yana da haƙƙin ya tarar da abin da na bara ya tarar. Shi ya sa dodon da ka kashe da safe, aka yi maka kirari a matsayin wanda ya ceci gari, bayan 'yan mintuna yake sake tsayuwa a inda yake, yana jiran na bayanka. Tsohon da ya roƙe ka ka nemo masa ɗansa zai ci gaba da roƙon duk wanda ya gifta, shekara da shekaru.

Mai tatsuniya idan ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", yara duk suna zaune a gabanta lokaci guda, kuma ita ke da ikon cewa ƙurunƙus. Marubucin wasan intanet kuwa, wani mai saurarensa ya zo tun magariba, wani sai bayan shekara goma, wani ya tashi ana tsakiyar labari ya dawo bayan wata shida, sannan an hana shi kawo ƙarshe domin da wannan tatsuniyar ake ciyar da gidan. Duk dabarun da za a ambata a ƙasa ƙoƙari ne na sasanta waɗannan buƙatu biyu, kuma kowace dabara akwai wanda take tauyewa.

## Aike da rubutu

Hanya mafi tsufa kuma mafi arha ita ce aike. Ɗan wasa ya je wurin ɗaya daga cikin mutanen da kwamfuta ke sarrafawa, akwatin rubutu ya buɗe, a bayyana masa damuwa, a tura shi ya kashe kyarketai goma ko ya kai wasiƙa wani ƙauye, ya dawo ya karɓi lada. World of Warcraft ne ya mayar da wannan ƙashin bayan wasa, da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a saman kan duk wanda ke da aike. Jeff Kaplan, ɗaya daga cikin manyan masu tsara wasan, ya bayyana a taron masu haɗa wasanni na 2009 cewa sun ƙayyade rubutun aike kada ya wuce harafi 511, kuma ko hakan ma yana ganin ya yi yawa, domin yawancin mutane ba sa karantawa. Suna duba abin da ake so da ladan da za a bayar ne, su danna amincewa su wuce.

Akwai kuma labarin da ake warwatsawa cikin duniyar ba tare da an tilasta wa kowa ba: littattafan da ke kan kanta a The Elder Scrolls Online na 2014, kangon birni da ke nuna an taɓa yaƙi a wurin, ko bayanin da ke jikin takobi. Wannan hanya tana girmama mai son bincike, amma tana iya wuce gona da iri. Lokacin da kamfanin Bungie ya fitar da Destiny a 2014, mafi yawan tarihin duniyar wasan yana cikin wasu katuna ne da ba a iya karanta su a cikin wasan, sai mutum ya fita ya buɗe shafin kamfanin ko manhajarsa. An soki wannan matuƙa, kuma sukar tana kan hanya, domin labarin da sai ka ajiye wasa kafin ka same shi bai isa ga wanda aka rubuta dominsa ba.

## Kowa da tasa duniyar

Dabara ta biyu ita ce a raba mutane ba tare da sun lura sosai ba. Idan ƙungiya ta shiga kogo, wato keɓaɓɓen wurin da ake shiga a yaƙi dodanni, saba tana buɗe mata kwafinta na kogon, ta yadda babu baƙon da zai kutso ya kashe dodon kafin a gama jawabi. A 2008, cikin Wrath of the Lich King, sabon babin da aka ƙara wa World of Warcraft, Blizzard ya faɗaɗa wata dabara da ke sa mutum biyu su tsaya a wuri ɗaya amma kowa ya ga abu daban gwargwadon inda ya kai a labari: wanda ya wuce yaƙin ƙofar Wrathgate yana ganin filin a ƙone, wanda bai kai ba yana ganin sojoji a jere. Da haka duniya ta samu damar canzawa. Abin da aka rasa shi ne tarayya, domin aboki zai zo taimaka maka ya tarar ba ya ganinka, kai ma ba ka ganinsa.

Kamfanin BioWare ya kai wannan tunani ƙololuwa a Star Wars: The Old Republic a ƙarshen 2011. Ya rubuta labarai takwas, ɗaya ga kowane rukunin jarumi, ya sa aka ɗauki muryar kowace magana, sama da jimloli 200,000, har kundin Guinness ya sanya shi a matsayin aikin ɗaukar murya mafi girma a fagen nishaɗi a lokacin. Ɗan wasa yana zaɓar amsa, ya yafe ko ya kashe. Sai dai abin da aka shafe shekaru ana shiryawa, mai ƙwazo yana cinye shi cikin 'yan makonni, kuma babu kamfanin da zai iya rubutu da saurin da ake bugawa. Kafin wasan ya cika shekara, a Nuwamban 2012, an buɗe ƙofar shiga kyauta saboda masu biyan kuɗin wata sun ragu, daga baya kuma aka daina rubuta labarai takwas aka koma ga guda ɗaya na kowa da kowa.

Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix a Japan shi ne ya fi kowa tsayawa a kan wannan hanya, kuma a ganina shi ya fi cin nasara a kanta. A can labari ne ƙofa: ba za ka shiga sabon yanki ko sabon kogo ba sai ka bi babban labarin daki-daki tun daga farko. Wannan ya ba marubutan damar da takwarorinsu ba su samu ba, wato tabbacin cewa duk wanda ya iso babi na huɗu ya san abin da ya faru a na farko. Shi ya sa suka iya shuka abu a 2013 su girbe shi a babukan Shadowbringers na 2019 da Endwalker na ƙarshen 2021, wanda cunkoson masu shiga ya sa kamfanin ya dakatar da sayar da wasan na ɗan lokaci. Amma farashin yana kan sabon shiga, wanda ke fuskantar ɗaruruwan sa'o'i kafin ya cimma abokansa. Kamfanin da kansa ya amsa cewa nauyin ya yi yawa, domin a 2020 ya rage aike-aiken farkon wasan, yana kuma sayar da damar tsallake labarin da kuɗi.

## Abin da ke faruwa sau ɗaya tak

Hanya ta uku ta fi kowace ƙarfin hali: a bar abu ya faru da gaske, a gaban kowa, sau ɗaya. A farkon 2006 'yan wasan World of Warcraft na kowace saba suka shafe makonni suna tara kayan yaƙi kafin a buɗe ƙofofin wani yanki mai suna Ahn'Qiraj, kuma ranar buɗewar jama'a ta yi yawa a wuri ɗaya har sabobi suka riƙa ɗaukewa. Waɗanda suka halarta har yau suna ba da labarin.

Misali mafi girma ya fito ne daga gazawa. Final Fantasy XIV na farko da ya fito a 2010 bai karɓu ba sam, har aka sauya shugabancin aikin aka ɗora Naoki Yoshida. Maimakon a rufe wasan shiru, sai aka mayar da rufewar ta zama labari. Wani jan wata mai suna Dalamud ya bayyana a sararin samaniyar wasan, yana ƙara girma wata bayan wata, dodanni na kai hari cikin birane, har zuwa ranar 11 ga Nuwamban 2012 da aka kashe sabobin, aka nuna fim ɗin yadda watan ya tsage dodon Bahamut ya fito ya ƙona ƙasar. Sabon wasan da aka buɗe a Agustan 2013 ya ɗora daga shekaru biyar bayan wannan bala'i. A nan an samu abin da ba kasafai ake samu ba, inda abin da ya faru da kamfani, da abin da ya faru da 'yan wasa, da abin da ya faru cikin labari suka zama abu ɗaya.

Guild Wars 2 na kamfanin ArenaNet ya gwada mayar da wannan ya zama tsari na dindindin. Daga 2013 zuwa 2014 ya riƙa fitar da guntayen labari, a wani lokaci duk mako biyu, kowanne ya ɗan jima ya ɓace, har aka kai ga rushe babban birnin Lion's Arch. Duk wanda ya zo bayan haka sai ya tarar da jarumai suna masa magana kamar tsofaffin abokai alhali bai san inda suka haɗu ba. Sai a 2022 kamfanin ya sake gina wannan kashi na labarin yadda kowa zai iya bugawa. Genshin Impact na kamfanin miHoYo na ƙasar Sin, wanda ya fito a 2020 kuma ake bugawa a waya, yana fama da irin wannan, domin an fara gabatar da wasu muhimman mutanen labarinsa ne cikin bukukuwan 'yan makonni da ba a sake maimaitawa ba.

## Labarin da babu wanda ya rubuta

Idan ka tambayi tsofaffin 'yan wasa abin da suka fi tunawa, sau da yawa ba abin da marubuci ya tsara ba ne. A Agustan 1997, ana gwajin Ultima Online, mai wasan Richard Garriott ya shigo cikin rigar sarkin ƙasar, Lord British, domin ya yi wa jama'a jawabi. An manta ba a mayar masa da kariyar da ke hana shi mutuwa ba, sai wani ɗan wasa ya jefa masa sihirin wuta, sarki ya faɗi matacce a gaban talakawansa. A Satumban 2005 wata cuta da aka tsara ta tsaya cikin kogon Zul'Gurub na World of Warcraft ta fice ta jikin dabbobin da 'yan wasa ke kiwo, ta shiga manyan birane ta yi ta kisa. Wasu suka gudu daji, wasu suka tsaya jinyar marasa ƙarfi, wasu kuma suka riƙa yaɗa ta da gangan. Abin ya ja hankalin masana annoba, har Eric Lofgren da Nina Fefferman suka rubuta maƙala a kai a mujallar Lancet ta cututtuka masu yaɗuwa a 2007.

EVE Online, wanda kamfanin CCP na Iceland ya buɗe a 2003, ya gina kansa kacokan a kan wannan. Kusan dukkan 'yan wasansa suna cikin duniya ɗaya, su ke haƙo ma'adinai, su ƙera jirage, su kafa dauloli, su ƙulla yarjejeniya su kuma ci amanar juna, kuma jirgin da aka tarwatsa ya tafi ke nan. A ranar 27 ga Janairun 2014, rashin biyan kuɗin mallakar wani yanki mai suna B-R5RB ya jawo yaƙin da ya ɗauki kimanin sa'o'i 21, jarumai sama da 7,500 suka shiga, aka lalata jirage 75 daga cikin mafi girma a wasan, asarar da aka ƙiyasta ta kai kimanin dala 300,000 idan aka auna da kuɗin gaske. Kamfanin bai rubuta ko harafi ɗaya na wannan ba, abin da ya yi shi ne kafa abin tunawa da tarkacen jiragen a wurin. Raunin wannan hanya shi ne yawancin mutane ba su ne sarakunan ba. Ƙaramin ɗan wasa na iya shafe watanni yana haƙar ma'adinai bai ga wani abin tarihi ba, sai dai ya karanta a labarai.

## Masu tsallakewa da masu tsayawa

Tun 1996 Richard Bartle ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu neman nasara, masu bincike, masu neman hulɗa, da masu son fin ƙarfin wasu. Rikicin labari yana tasowa ne idan aka haɗa su a ƙungiya ɗaya. A Final Fantasy XIV akwai wasu kogunan ƙarshen labarin farko masu dogayen fina-finai, inda a da tsofaffin hannu ke tsallakewa su ruga su kashe dodon ƙarshe, sabon shiga kuma ya fito daga kallo ya tarar an gama komai. A 2018 kamfanin ya hana tsallake waɗannan fina-finai ga kowa, ya ƙara lada domin rarrashi, sannan daga 2019 ya fara ba mutum damar shiga kogo tare da jaruman kwamfuta maimakon mutane.

Masu tsallakewa suna da hujja. Mutumin da ke da sa'a ɗaya bayan ya tashi daga aiki bai zo kallon abin da ya gani sau hamsin ba, kuma wasan da ke hana tsallake doguwar hira yana cin lokacinsa ba da yardarsa ba. Masu tsayawa su ma suna da tasu, domin karon farko ba ya dawowa. Ni dai ina ganin kuskure ne a ɗora laifin a kan ɗayansu. Mai tsara wasan ne ya haɗa mai gaggawa da mai natsuwa a ɗaki ɗaya ya ba su lada daban-daban. Maganin da aka fi kamawa yanzu, wato kowa ya buga labarinsa shi kaɗai, ya kashe rigimar, amma ya sa wasan da aka gina domin taron jama'a yana komawa wasan kaɗaici da mutane ke gilmawa ta gefe.

## Inda abin ya shafi aljihu da lokaci

Yadda kamfani ke samun kuɗi shi ke yanka wa labari riga. Wasan kuɗin wata yana buƙatar ka dawo wata mai zuwa, don haka ake sakin labari a guntu-guntu kuma kowace barazana da aka kawar sai wadda ta fi ta ta biyo baya. Wasan da ake shiga kyauta amma ake sayar da jarumai ta hanyar ƙuri'a, irin Genshin Impact mai sabunta kansa kusan duk mako shida, yana amfani da labari ne wajen sa ka ƙaunaci sabon jarumi a daidai lokacin da aka fito da shi kasuwa. Wannan bai sa labarin ya zama maras kyau ba, amma ya kamata iyaye da matasa su san cewa tausayin da yaro ke ji wa wata jaruma a waya yana da alaƙa da maɓallin biya da ke gefe.

Ga mai bugawa daga Kano ko Maraɗi akwai ƙarin shinge. Labari mai murya da fim yana da nauyi, manyan wasannin kwamfuta suna cin gomman gigabait, kuma kowane sabon babi data ce da caji. Final Fantasy XIV, a sigarsa ta duniya, yana zuwa da Japananci, Ingilishi, Faransanci da Jamusanci, cibiyoyin sabobinsa na duniya kuma suna Japan, Arewacin Amurka, Turai da Ostireliya, babu ko ɗaya a Afirka. Wanda Ingilishinsa ko Faransancinsa bai yi ƙarfi ba dole ya shiga sahun masu tsallakewa, ba don ba ya son labari ba. Bukukuwan da ke faruwa sau ɗaya kuma sun fi cutar da wanda wuta ko netiwok ke yanke masa.

Mafi nauyi duka shi ne a goge labarin ko wasan baki ɗaya. A Nuwamban 2020 Bungie ya cire ainihin labarin farko na Destiny 2, wanda mutane suka saya a 2017, yana mai cewa wasan ya yi girman da ke wahalar da kulawa da shi. Star Wars Galaxies an rufe shi a Disamban 2011, City of Heroes a 2012. Kamfanoni na cewa riƙe sabobi da tsofaffin babuka yana cin kuɗi, kuma abin da suka sayar izinin amfani ne ba mallaka ba. Batun kuɗin gaskiya ne, amma ban yarda ya isa hujjar ɓatar da aikin marubuta da masu murya da aka biya kuɗi aka saya ba, musamman tun da an ga cewa maidowa tana yiwuwa: Blizzard ya sake buɗe tsohuwar sigar World of Warcraft a 2019, ArenaNet ya maido da labarinsa a 2022, shi kansa Bungie a shekarar ya sanar cewa ya daina cire manyan babukan da ya sayar. Abin da masu gangamin Turai ke nema shi ne kada wannan ya dogara da ganin damar kamfani, a wajabta masa tun ranar da ya fara sayar da wasa ya tanadi hanyar da za a ci gaba da buga shi bayan ya janye hannunsa.